Ranar da Babban Baƙo Ya Juya wa Filinmu Baya

A ƙarshen shekarun saba'in ni ne akawun wani ɗan kamfanin sayen auduga a Funtua, kuma ni ne sakataren ƙungiyar hoki ta ma'aikata, muƙamin da babu wanda ya yi takara da ni a kansa. Hoki ɗin nan shi ne ƙwallon gora: sanda mai lanƙwasasshen baki, da 'yar ƙwallo mai taurin tsiya wadda in ta sami ƙwaurinka sai ka kira kakarka. Sandunan wani Bature ne ya tafi ya bar su a sito. Filinmu kuwa yana bayan siton, shimfiɗaɗɗe, mu muke share shi da hannunmu. Duk yammacin Asabar muna can muna buga abinmu. 'Yan kallonmu awakin unguwa ne da wata mai tallar gyaɗa, ita ma ba don mu take zuwa ba, inuwar ɗorawa take bi.

Sai aka kawo mana sabon manaja, mutumin kudu, mai fara'a amma ba ya son ganin ƙasa a zaune. Ya zaga filin, ya ɗebi ƙasar ya murza, ya ce da ni, “Akawu, wannan kuke tattakewa? Ai masara take so.” Na yi ta zuba masa bayani kan lafiyar jiki da martabar kamfani. Ya bar ni na gama, sannan ya ce wace martaba, wa ke ganinku? In har kafin damina na cika masa filin da mutane ko sau ɗaya, zai bar mana shi. In ba haka ba, tarakta za ta shiga. Na fito raina a ɓace, don wallahi ina son filin nan fiye da yadda nake son ofishin.

Na kai kukana wurin abokina mai hoto, Bayarabe ne haihuwar Funtua, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri. A bangon shagonsa akwai wani shafin mujalla da ya samu a kayan wani malamin makaranta ɗan Kanada da ya koma gida. Wani ƙato ne a jiki, riƙe da sanda irin tamu, yana zamiya a kan ƙanƙara da takalma masu wuƙa a ƙasa, haƙoransa biyu babu. Na sha ganin hoton ban kula ba. Ran nan abokina ya ɗora yatsa a kai ya ce, “Dubi nan. Ina sauran 'yan wasan? Babu. Ina ƙwallon? Oho. Mutanen can ba wasan suke talla ba, mutum ɗaya suke talla. Malamin ya ce har a cikin cingam ake sa hotonsa. Kai kuma kana ta ce wa mutane su zo kallon hoki. Wa ya san hoki? Ka ba su mutum.”

Mutum kuwa muna da shi. Mai awon audugarmu ne, ɗan Mahuta, dogo siriri, mai lamba tara. In ya ɗauki ƙwallo a bakin sanda sai ka ce ɗinke ta aka yi a wurin. Matsalarsa ɗaya, kunya. Ko gaisuwa ce sai ya sunkuyar da kai. Da ƙyar muka ja shi shagon, muka sa shi ya sa gajeren wandon wasa, mai hoto yana ta cewa, “Ɗaure fuska! Harari akwatin nan kamar ya zage ka!” Shi kuma sai ya fashe da dariya. A karo na shida muka dace, ƙuda ya sauka a hancinsa ya ɓata rai. Wannan hoton muka wanke. Na kuma laƙaba masa wani suna mai ban tsoro, wanda ba zan rubuta a nan ba, don har yau jikokinsa suna tsokanarsa da shi.

Muka gayyaci ƙungiyar malaman makaranta daga Malumfashi. Muka liƙa hotuna a tasha, da shagon tela, da jikin motocin haya. Na ari lasifika wurin wani mai tallar maganin tsutsar ciki, na hau bayan a-kori-kura ran kasuwar Bakori, ina ta kwarara wa mai awonmu kirari har muryata ta dushe. Wata tsohuwa ta tsai da mu ta ce a ba ta na kwana uku, ta zaci maganin ne.

A kasuwar nan ce dabarar da ta fi kowacce ta faɗo mini. Akwai wani Alhaji babban manomi a Bakori, wanda in ya tashi zuwa wuri mutum hamsin ke bin sa. Na je rumfarsa na durƙusa, na roƙe shi ya zama babban baƙonmu. Ya yi dariya ya ce shi bai san wasan ba, amma tunda na zo da kaina, ya yi alkawari. Sai da ya gama alkawarin sannan na miƙa masa hoton, ina washe baki. Ya duba, ya ninke shi huɗu ya sa a aljihu. Ya ce, “Allah ya kai mu.” Ni kuwa na zaci hoton ne ya burge shi. Ban faɗa wa 'yan wasa ba, na ce bari in ba su mamaki.

Ran wasa, bayan la'asar, fili ya cika maƙil. Har a kan ɗorawa akwai mutane. Manaja ya zauna a kujerar gaba yana ta kaɗa kai. Can sai ga Alhaji a kan babur ɗinsa, jama'arsa na biye a kekuna da bayan mota. Aka kafe babur ɗin a bayan kujeru, aka zaunar da shi kusa da manaja. Na ruga sito in ce wa yaranmu su fito, sai na tarar da mai lamba tara a tsugune bayan dilar auduga, ya rufe gwiwoyinsa da buhu.

Na ce, “Kai, lafiya?”

Ya ce, “Akawu, ka kashe ni. Wa ya kawo Baba nan?”

“Wane Baba?”

Mai tsaron ragarmu ne ya raɗa mini: 'yar Alhajin nan yake nema, makon jiya aka kai gaisuwar iyaye. Innalillahi! Mutumin da ko a hanya ya hango shi sai ya sake layi, shi na ɗauko na dasa masa a kujerar gaba, kuma bayan na damƙa masa hotonsa da cinyoyi a waje. Na ce, “To don me ba ka faɗa mini ba?” Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, “Haba Akawu, ana faɗar wannan?”

Da lallashi da rantsuwa ya yarda ya fito, amma da dogon wandonsa na aiki. Abin da ya biyo baya, ko yanzu na tuna sai in ji zufa. Ya maƙale a can ɗaya gefen filin. In ƙwallo ta gangaro ta wajen kujeru sai ya tsaya yana gyaran igiyar takalmi. Sau ɗaya gudu ya kwashe shi har gaban Alhaji, sai kawai ya rage tsawo ya wuce a sunkuye, malamin Malumfashi ya ɗauke ƙwallon yana godiya. Kafin hutun rabin lokaci sun zura mana biyu. Ni ina riƙe da lasifika, kirarin ya ƙare mini. 'Yan kallo suka fara ihu, “Ina na jikin hoton? Ku fito da na hoton!” Na ga masu kekuna sun soma jan abinsu. Manaja ya kalle ni, ya kalli ƙasar filin, na san masara yake aunawa.

Ba zan iya ce wa Alhaji ya tafi ba, don in ya tashi rabin filin zai bi shi. Ba kuma zan iya faɗa masa dalili ba. Na dai je na durƙusa a gabansa na ce, “Ranka ya daɗe, ina ganin kamar rana ta dame ka a nan.”

Ya dube ni, ya dubi fili. Sannan ya ce, “Ka ga kuwa gaskiya ne, Malam Akawu. Idona ba ya son hasken yamma. Ku juya mini kujerar.”

Aka juya ta. Babban baƙonmu ya zauna ya ba fili baya, yana fuskantar babur ɗinsa, ya gyara babbar riga. Ya ce da jama'arsa kowa ya zauna inda yake, shi kunne ya ishe shi. Manaja ya firgita ya ce, “Akawu, baƙonka ya yi fushi ne?” Mai hoto ya ja shi gefe yana yi masa bayani, na ga manaja ya riƙe baki.

Da aka dawo, mai lamba tara ya saci kallon kujerun, ya ga ƙeya. Ai sai ya naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa. Jama'a, ranar na ga wasa! Ya ratsa malaman nan ɗaya bayan ɗaya, ya buga ta farko sai da katakon raga ya yi ƙara. Fili ya ɗauki sowa, masu kekuna suka dawo da gudu. Ni kuma na dage da lasifika ina ba da labarin kowane taku, saboda baƙona ba ya gani, amma ko sau ɗaya ban kama sunan yaron ba, sai dai “mai lamba tara”. Ana saura kaɗan a tashi ya rama ta biyun. Aka tashi kunnen doki, amma yadda aka ɗaga shi sama sai ka rantse kofi muka ci. Manaja ya miƙo mini hannu yana dariya ya ce, “Ku riƙe filinku. Masara ta nemi wani wurin.” Daɗi ya kama ni, sai godiya nake ta jerawa.

Na raka Alhaji wurin babur ɗinsa. Ya ce, “Yaron nan naku, an ce ya iya.”

Na ce, “Ya iya ƙwarai, ranka ya daɗe.”

“To madalla. Ni dai ban ga komai ba.”

Ya hau, ya tayar. Kafin ya ja sai na ga ya kai hannu ya mai da madubin babur ɗin daidai, don a karkace yake, yana kallon tsakiyar fili. Muka haɗa ido. Ni ma na ce ban ga komai ba, na yi masa Allah ya kiyaye hanya.