Tire Ɗaya, Suruki Biyu

Malaminmu na wasanni a lisen Dakoro, wato lakwal ta sakandare, wanda muke ce wa Mushe kamar sauran malaman lakwal, yana da doka guda da ba ya ɗagawa kowa ƙafa a kanta. In ƙungiyar ƙwallon kwando ta yi tafiya, tire ɗaya ake ci, har da shi. Wanda bai sa hannu ba, ba ya shiga fili. Ni ne kyaftin a shekarar, kuma ina son dokar nan, don ni dama ba a roƙona cin abinci.

Cikin tsakiyar ɗari aka kira mu wasa Maradi. Muka ji cewa masu zaɓen ƴan wasan jiha za su zo kallo, kuma duk mun san wa za su kalla. Dogonmu ne, wani Bafillace daga wajen Birnin Lalle, marar magana, wanda in ya ɗaga hannu ƙarƙashin kwando sai ka haƙura. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a lakwal. In ba a gan shi a wasan nan ba, shi ke nan, an gama.

Matsalar ita ce, a hutun damina iyayensa sun nema masa ƴar Mushe, aka kuma ba su. Tun daga ranar ko ruwa bai ƙara sha a gaban Mushe ba. Mu Hausawa ma muna kunyar suruki, amma tasu ta fi ƙarfinmu.

Muka tashi da la'asar a bayan wata buɗaɗɗiyar mota, mun cusu cikin barguna kamar buhunan wake, iska tana yankan kunne. Da magariba muka tsaya Sabon Maci, aka kawo shinkafa da wake tana tururi. Kowa ya kai hannu, ban da dogon. Ya ce zai duba kaya, ya tafi bayan mota. Na bi shi raina a ɓace.

"Kai, mi ka damunka? Loma guda ka yi, a wuce wurin!"

"Na ƙoshi," in ji shi, cikinsa kuwa yana ƙugi har ina ji.

"Gobe hwa? Ka san doka."

Ya sunkuyar da kai. Wallahi ji na yi kamar in kai masa ranƙwashi, sai dai hannuna ba ya kaiwa.

Mushe kuwa ya ci gaba da kai loma. Ya cinye rabonsa, ya wanke hannu, muka ci gaba da tafiya. Ni kuwa duk hanya ina lissafin abin da zai faru: ko dai malam ya karya dokarsa a gabanmu, abin da bai taɓa yi ba, ko ya zaunar da yaron a benci ranar da ya fi bukatar fili.

Washegari da hantsi, a ajin da aka sauke mu a Maradi, aka ajiye tiren dambu da zogale. Muka kewaye shi. Dogon yana daga bakin ƙofa, yana ɗaure igiyar takalmin da ya riga ya ɗaure. Sai Mushe ya miƙe, ya ɗauki hularsa.

"Yau Alhamis, azumi nike," ya ce. "Ku ci abinku. Ni zan tahi in ga hili, kada ƙamshin ga ya dame ni. Kyaftin, ka tabbata kowa ya sa hannu."

Yana fita dogon ya zauna. Ban taɓa ganin mutum ya ci dambu da natsuwa da sauri haka ba.

Na ɗauka dabara ce kawai, a faɗa a wuce. Ashe tun kafin asuba Mushe ya ɗaura niyyar azumin. Da azahar aka fara wasa, busasshiyar iska tana tsage leɓe, shi kuwa yana gefen fili yana ihu, yana gudu sama da ƙasa. A hutun rabin lokaci na miƙa masa ruwa don mantuwa, ya girgiza kai. Kafin a tashi muryarsa ta dushe gaba ɗaya, da hannu yake nuna mana inda za mu tsaya. A ranar na ƙara son mutumin nan, har yau kuma ban daina ba.

An ci mu da ɗan kaɗan. Amma dogon ya yi wasan da ƴan Maradi kansu suka tafa masa, kuma masu zaɓe suka ɗauke shi.

Da aka kira magariba muna tasha, Mushe yana zaune a kan benci, ya jingina da bango. Dogon ya zo da kofin ruwa da dabino a hannu, ya durƙusa, ya ajiye a gefensa, fuskarsa na kallon wani wuri. Sannan ya tashi ya koma bayan mota, ya tsaya can har sai da surukinsa ya gama sha.