Sunan da ya tsallaka katanga

Shekarar da sanƙarau ya shigo Damagaram na haifi ɗana na fari. Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya sa aka hana kasuwa ci, aka hana taro, aka zuba gardi, wato dogaran Bature, a lungunan unguwarmu ta Birni. Maigidana kuma hanya ta rufe da shi a Kano. Gari ya yi tsit, sai kukan jakuna da na masu rashi.

Ana gobe suna wani gardi ya tsaya a zaurenmu ya ce wa uwar mijina, "Iya, in na ga taro gobe, duk wanda ya shigo, a kaso zai kwana a kulle. Ku bari ciwo ya wuce."

Ina ɗaki ina ji, raina ya ɓaci. A bari? Kullum ana fita da yara a tabarma. Tsorona ɗaya, kada yaron nan ya koma a binne shi ba suna. Na ajiye kunya na ɗaga murya: "Inna, taro ya hana. Ya hana magana ne?"

Tsohuwar ta dube ni, ta yi dariya. Ta leƙa ta katanga ta gaya wa maƙwabciya, ita ma ta gaya wa ta gaba, har saƙo ya kai gidan liman.

Washegari da hantsi kowa ya hau soronsa, mata suka taka turame suna leƙe. Maƙwabcinmu ya yanka mana ragon sunan a gidansa. Goro muka ƙulla a tsumma muna jefawa gida-gida. Liman ya yi addu'a daga kan soronsa, ya faɗi sunan. Ba mu jiyo shi ba, da nisa. Sai sunan ya taho baki-baki, kowane gida ya karɓa ya miƙa, har ya sauka tsakar gidanmu. Guɗa ta tashi ta ko'ina. Gardin yana tsaye a lungu da kulkinsa, ya rasa wanda zai kama. Ranar na yi farin ciki har da hawaye.

Kafin damina ciwon ya ɗauke yaron. Da sunansa aka yi masa salla.

Ɗan fari ne, don haka bakina bai taɓa kiran sunan ba, har yau da na tsufa. Amma duk Birni ta kira shi, da ƙarfi kuwa.