Layi Ɗaya Na Canza

Kafin in lalace, ni mai cajin waya ne a bakin kasuwar Birnin Gwari. Mutum zai miƙo min wayarsa ya shige kasuwa, ko waiwaye ba ya yi. Ina da wata tsohuwar kwamfuta da son sanin abin da bai shafe ni ba. Duk ranar da sabis ya zauna, sai in sauke misalan manhaja da ake rubuta wa masu koyo: yadda ake buɗe fayil, yadda ake tura shi daga na'ura zuwa na'ura, yadda ake kulle shi. Ina kwafa ina gwadawa, kaina na kumbura.

Akwai wani misali da ke kwashe saƙonnin waya ya tura wa kwamfutarka, don ka ga dabarar ɓarayi ka kare kanka. A wayata na fara gwadawa. Daga baya son gulma ya sa na saka a wayar maƙwabcina, na sha dariya, ban ga laifi ba.

Wata rana wani mai yawan murmushi ya zauna a bencina, wai dillalin masara ne. Ya ce, "Samari, so nake in riƙa sanin ranar da 'yan kasuwar Kuyello za su taso, kada a riga ni saye." Ban taɓa ganinsa kusa da buhu ba, kuma bai tambayi farashi ba. Raina bai kwanta da shi ba, amma da ya ajiye min kuɗi, kwaɗayi ya rufe min ido. Layi ɗaya na canza a misalin nan, inda ake rubuta adireshin da saƙo zai je, na sa na dillalin, na saka a wayar Malam Sabo, direban da ke jigilar 'yan kasuwar.

Aka fara tare motarsa a daji, a kwashe fasinjoji a bar shi. Gari ya cika da zargi, mutum ba ya gaya wa ƙaninsa ranar tafiya. Ƙarshe kowa ya ce Malam Sabo ne mai kai rahoto, matasa suka yi masa dukan kawo wuƙa. Ya zo rumfata da kumburarriyar fuska, ya miƙo waya, ya ce, "Sa min caji, ɗana. Kai kaɗai ka rage mai amsa sallamata." Na karɓa na sa masa caji, ban gaya masa gaskiya ba. Har yau abin nan yana ci min rai.

Da jami'an tsaro suka kama dillalin, wanda ashe 'yan bindiga yake kai wa rahoto, wayarsa ce ta nuna ni. Na yi shekaru a gidan yari.

Ina fitowa na nemi Malam Sabo, na same shi yana facin taya a Kakangi. Na durƙusa ina kuka. Ya ce, "Na yafe maka don Allah. Amma har gobe ba mai shiga mota in ni ne direba."

Matasa, ku koyi wannan ilimi, yana da amfani. Amma ku gwada a kan na'urarku kawai. Wanda ya ce ku leƙa masa wayar wani, ku tashi ku bar wurin. Ni na gama zaman kasona, Malam Sabo yana kan nasa.