Jajen da na yi wa Bature a hanyar Shiling

Muna mota za mu Shiling, can ƙasar Sin, sarin jakunkuna, wani Bature ɗan Wales ya nuna min hoto a wayarsa: katangun dutse a kan tsauni, duk sun zube, tumaki na kiwo a ciki.

Ni sarkin tausayi, na dafa kafaɗarsa. "Allah ya mayar da alheri. Ambaliya ce?"

Ya yi dariya har da ƙwalla. "Gidajen kakanninmu ne, tun kafin zuwan Rumawa. Lallaɓa su muke yi. Na ji Kano ma kuna da ganuwa, nuna min."

Na lalube wayata kaf: jakunkuna, takalma, kwantena.

A gindin ganuwar nan aka haife ni fa, jama'a. Duk mai hotonta ya rufa min asiri ya turo min, gobe ma tare da Baturen za mu koma.