Ƙwayar Gyaɗa a Bayan Ɗantani

Ni ɗan maƙera ne daga Shanga. Kakana bindigar toka yake ƙera wa maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Babana ya koma ƙera mai cin harsashi, ita ma doguwa. Doka ɗaya ce a maƙerarmu: ba a ƙera bindigar da ba ta kai tsawon hannu ba. Baba yakan ce, "Doguwa ta dabba ce, kowa na ganin ta a kafaɗa. Wadda ke shiga aljihu kuwa, don mutum aka yi ta."

Ni dai ban ji ba. Wani ɗan fasa-ƙwauri da ke sauka Yelwa ta ruwa ya nuna mini wata 'yar mitsitsiya ƙirar Turawa, harsashinta bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ya ce tun da can matansu ke saka ta a jaka. Na kwaikwaye ta a ɓoye, na sayi harsasai a wurinsa. Ranar da Baba ya gan ta bai doke ni ba, ya karɓe guduma daga hannuna ya ce in fita. Inna ta yi ta kuka, ni ko a jikina.

Na fara tare mata masu kifi a hanyar bakin tafki. Nuna ta kawai nake yi. Wallahi rawar jikinsu ta fi kayansu yi mini daɗi. Na kuma sa a raina cewa ɗan harsashin nan ba ya kisa.

Wata ranar kasuwa da hantsi na shiga jirgin wani dattijo, Ɗantani, mai fito da mutane daga Ngaski, wani abokina na biye da mu a kwalekwale. A tsakiyar ruwa na zaro ta. Ɗantani ya dube ni ya ce, "Kai, ba ɗan maƙeran Shanga ba ne? Ubanka ya ƙera min ƙugiya. Aje abin wasan ga." Wata mata ta yi dariya. Yana juyawa ga injinsa na harbe shi a baya. Ƙarar kamar an karya kara, jinin ma kaɗan. Na zungure shi da ƙafa na ce, "Tashi, baba, ba ka mutu ba." Na cire tiyon mai, na watsar da filafilai a ruwa, na koma kwalekwalen muka tafi da kayan fasinjojin. Da ƙorai matan suka tuƙo jirgin gaɓa.

Tunda ya san gidanmu, kama ni bai yi wuya ba. Ina gidan yari Baba ya rasu, bai taɓa leƙo ni ba.

Da aka sake ni na tafi neman gafara. Na tarar da Ɗantani kwance a tabarma, ƙafafunsa sun shanye, matarsa ce ke juya shi. Likitoci sun ce harsashin ya maƙale a ƙashin baya, ba ya ciruwa. Ya kama hannuna ya danna a wurin. "Ka ji shi? Naka ne. Ajiya nike maka." Bai ce ya yafe ba.

Na tuba, kuma na san tuban bai tashe shi ba. Samari, duk wanda ya nuna muku ƙarama ya ce ta tsoratarwa ce, ku tashi daga wurin. Ni fartanya nake ƙerawa yanzu, kuma duk Juma'a ina zuwa in juya Ɗantani, matarsa ta huta. Hannuna kan wurin harsashin yake sauka.