Yaya, Taya Ce Ta Fashe

Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata, wadda muka fito ciki ɗaya, muka kuma yi shekara goma sha tara muna ɗinki a shago ɗaya. Shi ya ba mu ita, kuma gare Shi dukkanmu za mu koma. Ta bar miji da 'ya'ya huɗu. Masu zuwa gaisuwa wasu sukan matso kusa su tambaye ni a hankali, ko wani abu ne ya tashi da ita. Babu abin da ya tashi. Yaya, shekara bakwai kina jiran bam, kuma ba shi ne ya zo ba. Raina a ɓace nake wannan rubutu, ina jin haushinki ina jin haushin kaina, domin akwai abin da ya faru a shago ranar nan wanda ban faɗa wa 'ya'yanki ba, kuma na gaji da riƙe shi.

Da can ba matsoraciya ba ce ke. Ranar da bam ya tashi a kasuwa, shekara bakwai ke nan, kina layin masu zare. Kowa ya yi ta kansa, ke kuwa kika tsaya kika yayyaga yadin da kika sayo, kina ɗaure wa mutanen da ba ki sani ba raunukansu. Sai da aka taru ana taimakon waɗanda suka jikkata sannan na biyu ya tashi. Kika dawo gida ba takalmi, ko ƙwarzane babu a jikinki, muka yi ta godiya ga Allah. Ashe wata matar ce dabam ta dawo mana.

Cikin mako guda kika juya shagon nan. Kekunan ɗinki suka bar bakin ƙofa suka koma can ƙurya, inda sai na kunna fitila da rana tsaka kafin in zura zare a allura. Duk mai kawo ɗinki sai ta buɗe jakarta a waje kin leƙa, har wata babbar hajiya ta tambaye ki ko ta yi miki kama da 'yar ta'adda, ta kwashe kayanta, ba mu sake ganinta ba. Kullum da safe sai kin kira mijinki da yaran ɗaya bayan ɗaya, kin ji ta wace hanya za su bi, kin canja musu wata. Su ne suka sa miki suna Kwamanda, har ya bi layin gaba ɗaya.

Babbar dokarki ita ce wadda kika koyo a kasuwa: in an ji ƙara, a kwanta rubda ciki, hannu biyu a ka, kada wanda ya motsa sai an ƙirga ɗari uku, saboda na biyu yana biyo bayan na farko. To, don Allah wa ke jikin bangon shagonmu? Mai facin taya. A mako sai taya ta fashe masa sau biyu ko uku, ke kuma duk lokacin sai ki zube ƙasa tsakanin ƙyallaye, tef ɗin awo rataye a wuya. In ce miki taya ce, ki ɗaga mini yatsa ɗaya, wato kina ƙirga, kada in ɓata miki lissafi. Bawan Allahn nan ya shigo yana ba da haƙuri, ke kuma ki tashi ki kakkaɓe zani ki ce masa ba komai. Tun muna tausayi har muka koma dariya, daga baya ma dariyar muka daina, abin ya zama kamar atishawa.

Ba zan zalunce ki ba, tsoron nan naki ya yi wa mutane rana. Ranar da aka baza jita-jitar an kai hari makarantar bayan layinmu, yara suka fito a guje suna kuka, ke kika tare su kika shigo da su shago, kika zazzage musu gwangwanin maɓallai kika ce kowa ya ware miki ja daga fari. Ni na san a tsorace kike, su ba su gani ba. Da iyaye suka iso sun tarar da su suna musu a kan maɓalli. Mata uku da suka rasa mazajensu a kasuwa, ke kika neme su kika koya musu ɗinki, yau kowacce da kekenta.

Amma kanki fa, Yaya? Shekara biyu kina fama da ciwon kai da na ƙeya. Wata nas da muke yi wa ɗinki ta zo da abin awon jini ta gwada ki, ta sake gwadawa, ta ce yau ɗin nan ki tafi asibiti. Kika ce asibiti taron jama'a ne, ƙofarsa ɗaya, kuma ana ajiye motoci dab da layi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na haɗa ki da mijinki. Sau ɗaya na samu na ja ki har bakin ƙofar, sai kika hango wata jaka a kan benci babu mai ita, kika juya. Na riƙe mayafinki a titi, mutane suna kallonmu.

"Yaya, abin da ke cikin jikinki ya fi jakar nan kusa da ke."

"Nawa ni kaɗai zai kashe," kika ce. "Sake ni."

Na sake ki kuwa, cikin fushi, na rantse ba zan ƙara magana ba. Muka koma sayen ƙwayoyi a kantin magani, kina sha ranar da kika tuna. Matar da ba ta taɓa mantawa da leƙa ƙarƙashin motar da aka ajiye a ƙofar shago ba, ita ce ke manta ƙwaya ɗaya da safe.

Yanzu ga abin da na ɓoye. Ranar Talatar nan tayar babbar mota ta fashe, kika faɗi. Ko kai ban ɗaga ba, ina sa wa wata riga zif. Na ce, "Yaya, taya ce." Ba ki ɗaga yatsa ba, ni kuma ban lura ba. Mai rigar ta tambaya ko lafiya, na ce ta rabu da ke, ƙirga kike yi. Na tashi ɗauko almakashi, na tsallake ƙafarki, har ina tsaki ina cewa kin tare hanya. Na gama zif, na goge rigar, na ninke. Sai da mai faci ya gama da mai motar ya shigo ba da haƙuri kamar kullum, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonki.

"Baiwar Allah, yau fa ba ta ɗora hannu a ka ba."

A gefe kike kwance, hannu ɗaya a ƙarƙashinki, bakinki ya karkace. Asibitin da kika ƙi shiga da ƙafarki, shi muka shigar da ke a ɗauke. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kanki, ya tambayi tun yaushe kika faɗi, na ce yanzun nan. Ƙarya na yi masa, ita kuma na maimaita wa mijinki da yara. Kin kai minti goma sha biyar a kwance. Daga baya na koma na tambaye shi ko da an kawo ki da wuri za ki tashi, ya ce Allah kaɗai ya sani. Na san kwana ba ya wuce ranarsa, amma sanin hakan bai hana ni ganin ƙafar nan da na tsallake ba.

Waɗanda suka dasa abin nan a kasuwa ba su san da ke ba, kuma babu wanda zai sa sunanki cikin waɗanda suka kashe. Ni na sa. Allah ya isa tsakaninmu da su.

Mun buɗe shago makon jiya. Ban mayar da keke bakin ƙofa ba, na kasa. Na je asibiti na bi layi an gwada jinina, na ga wata jaka a kan benci babu mai ita, amma na tsaya. Mai faci kuma ya kwashe kayansa ya koma ƙarshen layi ba tare da kowa ya ce masa ya tashi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, wanda ya yi haƙuri da ke fiye da ni, da 'ya'yanki huɗu, da matan da kika koya wa sana'a. Yarana, kun ji gaskiyar yadda aka yi. In za ku iya yafe mini, ni innarku, ku yafe, in ba yanzu ba, zan jira. Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Yaya, Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya yafe miki taurin kai ya yafe mini sakaci, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya sa wannan kwanciyar hutu ce, inda babu ƙarar da za ta sake firgita ki.