Komik Ɗin Oga Mai Littafi

Mun tashi daga Kaduna ana idar da sallar asuba, ni da ƙanina da ke tuƙi, don mu riga cunkoson Zuba. Keffi muka nufa, garin da aka haife ni, wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifinmu. Kiran waya ne ya tashe ni. Wani dattijo Ibo da muke ce wa Oga Mai Littafi ya sa 'yarsa ta nemo lambata. Shi ne ke ba mu hayar littattafan labari cikin zane, waɗanda muke kira komik, muna 'yan firamare. Ya ce tsufa ya zo, zai koma garinsu, littattafan suna nan, in zo mu ga yadda za a yi da su.

Ina da wani aboki a Abuja da ya mayar da tsofaffin komik sana'a. Yakan duba lafiyar littafi, ya ba shi maki daga ɗaya zuwa goma, ya kai gwanjo inda masu tara irinsu ke rige-rigen tayi. Shi na fara kira, ya ce mu biyo mu ɗauke shi. Oga kuwa ban sake kiransa na ji abin da yake nufi ba.

Hanya ta yi mana kyau har muka ɗauki abokina, sai Mararaba ta riƙe mu. Na ci gasasshiyar masara biyu, na sayi cajar wayar da ba na buƙata, duk ba mu wuce gadar masu tafiya a ƙasa ba. Sai bayan Masaka mota ta samu numfashi. Daga nan tulin doya ne a bakin titi, da mata masu mangwaro a faranti suna bin duk motar da ta rage gudu. Ƙanina ya taya doya, da ya ji kuɗin ya ce ashe ita ma ta san ta kusa da Abuja.

Keffi ta canza mini. Inda na sani gona, yanzu ɗakunan haya ne na ɗalibai, ga 'yan acaba ko'ina, ɗari biyar su kai ka inda da muke takawa a ƙasa. Muka sauka gidan gwaggona a Gangaren Tudu, ta yi mini faɗan daɗewa ban zo ba, sannan ta ajiye mana waina da miyar taushe. Bayan azahar muka tafi shagon.

Gaban shagon yanzu kayan waya 'yarsa ke sayarwa. Oga yana ɗakin baya a kan kujerar roba, ya rame, idanunsa sun yi hazo, amma ina sallama ya gane muryata. "Ɗan Malam," ya ce, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Hausarsa ta fi ta wasunmu, fiye da shekara arba'in yana garin. Ya tambayi kowa na gidanmu da sunansa. Da na gabatar da abokina na faɗi sana'arsa, sai ya sa aka kawo wa baƙon kujera da ruwa.

Littattafan kashi biyu ne. Kwalaye bakwai cike da waɗanda muka yi ta haya, sun yi laushi kamar tsumma, wasu an ɗinke bayansu da zare. Sai wani akwatin ƙarfe mai ƙamshin kafur, a ciki guda talatin da 'yan kai, kowanne a naɗe cikin takardar siminti mai tsabta. Abokina ya sa safar hannu, ya fito da gilashin ƙara girman abu, ya shiga duba kusurwa da kusurwa. Yana duba ko ƙarfen da ya ɗinke tsakiyar littafi ya yi tsatsa, ko takarda ta yi ja, ko an taɓa lanƙwasa bango. Ko a gwanjon ƙasashen waje, in ji shi, ba kasafai ake samun masu lafiya haka daga ƙasa mai zafi da damina ba.

Na tambayi Oga yadda aka yi waɗannan suka tsira. Ya ce ai su ne marasa farin jini. Wasu biyu-biyu ya sayo don ya maye gurbin wanda ya yage, wasu kuma babu yaron da ya taɓa nema. Muka yi dariya, ashe masu maki tara su ne waɗanda ba wanda ya karanta.

Daga cikin kwalayen ya laluba ya zaro ɗaya, ya miƙo mini. Labarin wani jarumi ne mai tashi sama, kuma a ƙarƙashin kowace magana ta Turanci ga rubutun fensir da Hausa, karkatacce. Rubutuna ne. Na manta sam. Ina aji biyar na fassara shi don yaran unguwarmu da ba su kai ga Turanci ba, Oga ya kama ni ya sa ni sharar shago mako guda. Ya ce bayan haka wannan ya fi kowane littafi fita haya. Abokina ya leƙo, ya ce rubutun ya kashe shi, ko maki ɗaya ba zai samu ba. Daidai nan ya kira ni in riƙe masa fitila, sai na mayar da littafin cikin kwali na tashi.

Da aka zo maganar rabuwa, abokina ya yi bayani tsakani da Allah: zai kai na akwatin gwanjo, ya cire ladansa, sauran na Oga ne. Na kwalayen ba su da kasuwa. Oga ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗan Malam, ni na ɗauka zauren babanka za ka buɗe, ka zuba su yara su riƙa karantawa. Shi ya sa ban kira kowa ba sai kai."

Kunya ta rufe ni. Na ce ai hakan ma za a yi, kwalayen zan dawo in kwashe, yau dai mota ba wuri. Gaskiya akwai wuri, doyar da muka saya daga baya ta fi su cin wuri. Hankalina yana kan akwatin ne. Oga ya ce to, tunda na taho da baƙo daga nesa ba za a mayar da shi hannu wofi ba. Ya miƙa makullin akwatin da kansa. Washegari da safe na yi niyyar komawa mu zauna, amma abokina yana saurin a kai littattafan a rufe su kafin ranar gwanjo, sai na aika gaisuwa ta waya muka wuce.

Kwana uku na yi a Abuja ina jira. An saka kowane littafi a cikin roba mai tauri, an liƙe, an manna makinsa a sama. Duk wanda ya fasa robar ya zubar da darajar, wato an gama karanta su ke nan har abada. Gwanjon a wani ɗakin taro na otal aka yi, mutum bai fi ashirin ba, sauran masu tayin suna ƙasashen waje ta allon kwamfuta. Ba hayaniya irin ta gwanjon kasuwa, ɗaga kati kawai ake yi. Wani da ke kusa da ni ya sayi uku, na tambaye shi labarin da ke ciki, ya ce bai sani ba, lambar fitowar yake nema. An sayar da duka kafin la'asar, kuma kuɗin sun yi kyau, sun fi abin da na zata nesa.

Na fito waje da murna na kira 'yar Oga. Ta yi godiya sosai, ta ce zai taimaka wajen maganin idonsa. Sai ta ce motar kayansu ta zo da wuri, Baba ya tafi tun jiya. Na tambayi kwalayen. Ta ce mai ginin da suke haya ya matsa a ba shi ɗakinsa, Baba ya sa an jira ni yini biyu, ya hana kowa taɓawa, ranar tafiya dole ta kira masu sayen tsofaffin takardu suka auna a sikeli suka tafi da su.

Na sa ƙanina ya juya mota muka koma Keffi. Muka zaga wajen masu sayen takardu, muka tambayi masu ƙosai da masu tsire na bakin kasuwa da ke sayen takardar ƙunshi. Wani ya ce an loda su an yi Masaka da su, wani ya ce bai ma ga irinsu ba. Shafi ɗaya ban samu ba. Gwaggo ta buɗe mini zauren mahaifinmu na leƙa, babu komai a ciki sai tsohuwar tabarma da buhunan gawayi. Kwalaye bakwai da sun zauna a gefe guda ba tare da sun tare wa kowa hanya ba.

Washegari ta Panda muka biyo a dawowa, hanyar da ta fi shiru, ga duwatsu ga gonakin citta can gaba. Mun iso Kaduna ana kiran magariba, yarana suka fito da gudu suna tambayar tsarabar Keffi, na ba su mangwaro.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna mini. Dattijo ya kira ni, ban tambaye shi me yake so ba, na tafi masa da abin da ni nake so. Kuɗinsa sun isa gare shi cif, na kuma kira shi na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ɗan Malam, ya tambayi lafiyar yara. Bai tambaye ni nawa aka sayar ba.